Sa'o'i 48 da bayanan gaske: sharhi kan gasar DataFest da bitocin share fagenta

A watan Afrilun shekarar 2023, ana tsakiyar azumin Ramadan, na yi aikin sa-kai a matsayin mai ba ɗalibai shawara a gasar nazarin bayanai da ake kira DataFest, a wata jami'ar Amurka inda nake karatun digiri na biyu a fannin ƙididdiga. Kafin ranar gasar na zauna a dukkan tarurrukan bita huɗu da sashenmu ya shirya wa masu niyyar shiga, domin in san abin da aka koya musu kafin in tsaya a kansu. Ra'ayina bayan na ga abin da idona shi ne, gasar ta cancanci kwana biyun da take ci daga rayuwar ɗalibi, har ma ina ganin ta fi wasu darussan da ake shafe zango guda ana yi amfani. Bitocin kuwa suna da nasu alherin, sai dai sun zuba ƙarfinsu a wurin da ba nan ne ɗalibai suka fi shan wuya ba idan an shiga fili.

Asalin gasar daga Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles yake. A shekarar 2011 ne malamin ƙididdiga Robert Gould ya tara ɗalibai kimanin 30, aka damƙa musu kundin kame na shekara biyar da rundunar 'yan sandan birnin ta bayar, aka ce su ga abin da za su iya fitarwa daga cikinsa a sa'o'i 48. Daga baya Ƙungiyar Masana Ƙididdiga ta Amurka, wadda aka kafa a Boston tun shekarar 1839, ta ɗauki nauyin shirin, ya yaɗu zuwa jami'o'i masu yawa a faɗin ƙasar, ya kuma tsallaka Kanada da Jamus da Birtaniya. Kowace jami'a ko gungun jami'o'in da ke maƙwabtaka da juna suna zaɓar nasu ƙarshen makon tsakanin Maris da Mayu, amma bayanan shekara guda ɗaya ne ga kowa da kowa. Saboda haka ake ɓoye sunan wanda ya bayar da su, ana kuma sa mahalarta su yi alkawarin ba za su faɗa wa kowa ba har sai wuri na ƙarshe ya kammala tasa gasar.

Masu bayar da bayanan suna sauyawa daga shekara zuwa shekara, kuma wannan sauyin yana daga cikin abubuwan da suka fi burge ni. A 2012 bayanan Kiva ne, dandalin da ke haɗa masu ƙaramin jari da masu ba da rance. A 2013 na eHarmony ne, shafin haɗa masu neman abokin zama. A 2017 Expedia ta bayar da bayanan neman ɗakunan otal da suka haura layi miliyan 10, a 2018 Indeed ta bayar da tallace-tallacen guraben aiki, a 2019 kuma aka kawo bayanan 'yan wasan rugbi mata na ƙasar Kanada, ciki har da rahoton gajiya da barci da kowace 'yar wasa ke cikawa da kuma abin da na'urar bin sawu ta naɗa a filin wasa. Ɗalibin da ya kwana yana tunanin za a ba shi lissafin kasuwa yana iya wayar gari da bayanan lafiya ko na shari'a, don haka babu wanda ke zuwa da amsa a aljihu.

Tsarin ba shi da sarƙaƙiya. Gasar ta ɗaliban digiri na farko ce, kuma a wurinmu ba a karɓi ko sisi daga hannun kowa ba. Ana shiga a ƙungiyoyi na mutum biyu zuwa biyar, a fara da yammacin Juma'a, a miƙa aiki ranar Lahadi, sannan kowace ƙungiya ta tsaya gaban alƙalai na 'yan mintuna kaɗan da shafi biyu ko uku na majigi. Kyaututtukan da aka saba bayarwa uku ne: na wanda ya fi zurfin fahimta, na wanda ya fi iya zana bayanai yadda ido zai gane, da na wanda ya fi iya jawo bayanai daga waje ya haɗa da waɗanda aka bayar. Mu masu ba da shawara, ɗaliban digiri na gaba da malamai da wasu ma'aikatan kamfanoni, aikinmu zagayawa tsakanin tebura. Muna iya yin tambaya, mu nuna hanya, amma ba ma karɓar kwamfutar ɗalibi mu yi masa aikin.

Wanda ya saba da Kaggle, dandalin gasar nazarin bayanai a intanet da aka kafa a 2010 wanda Google ta saya a 2017, ko kuma Zindi, takwararsa ta Afirka da ta fara shirya gasar UmojaHack ga ɗaliban jami'o'in nahiyar a 2020, zai ga bambanci nan take. A can an riga an yanke tambayar, aikinka shi ne ka gina tsarin hasashen da ya fi na kowa dacewa, kuma akwai allo da ke nuna matsayinka a kowane lokaci. A DataFest babu allon maki, kuma abin da ake bayarwa a matsayin tambaya faffaɗa ne ƙwarai, kusan a ce ga bayanai nan, ku gaya wa mai su wani abu da zai amfane shi. Ba ina rage wa waccan hanyar daraja ba ne, domin tana horar da mutum a kan daidaito da haƙuri. Amma a wurin aiki na gaske da wuya shugaba ya zo maka da tambaya tsararriya da ma'aunin da za a auna amsarka, kuma wannan ruɗanin na rashin sanin inda za a fara shi ne ainihin abin da DataFest ke sayarwa.

Bitoci huɗun an yi su ne a makonni biyun da suka gabaci gasar, kowanne sa'a biyu da yamma. Na farko gabatarwa ce ga R, harshen kwamfutar da Ross Ihaka da Robert Gentleman suka ƙirƙiro a Jami'ar Auckland ta ƙasar New Zealand a farkon shekarun 1990. Na biyu ya shafi sarrafa jadawali da Python, wani harshen kwamfutar, ta hanyar kayan aikinsa da ake kira pandas. Na uku zanen bayanai ne da ggplot2, kayan aikin da Hadley Wickham ya rubuta. Na huɗu kuma gabatarwa ce ga koyar da inji yin hasashe. Masu koyarwar sun san aikinsu, sun kuma yi abin da ya dace na sa kowa ya buɗe kwamfutarsa ya riƙa rubuta umarni tare da su maimakon ya zauna yana kallo. Duk kayan aikin da aka koyar kyauta ne, wanda hakan yana nufin ɗalibi zai ci gaba da amfani da su bayan ya bar jami'a ba tare da neman lasisi ba.

Bita ta uku ita ce ta fi kowace inganci. Mai koyarwar ta fara da rukunonin lambobi huɗun nan da Francis Anscombe ya wallafa a 1973, waɗanda matsakaicinsu da yaɗuwarsu da layin da ke ratsa su kusan duk iri ɗaya ne. Ta sa ɗalibai suka lissafa da kansu, suka tabbatar babu bambanci, sannan ta ce su zana. Da hotunan huɗu suka fito a allo, ɗaya miƙaƙƙen layi, ɗaya lanƙwasa kamar baka, ɗaya kuma ɗigo guda ne kawai da ya ware ya ja layin gaba ɗaya, sai na ji ɗakin ya yi tsit. Daga nan ta kawo labarin ɗaukar ɗalibai a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a shekarar 1973, inda jimillar alƙaluma ta nuna an ɗauki kusan kashi 44 cikin 100 na maza masu nema da kusan kashi 35 na mata, amma da aka duba sashe-sashe sai aka tarar mata sun fi neman sassan da ke da wuyar shiga ga kowa, kuma a yawancin sassan ba a fifita maza a kansu ba. Waɗannan misalai biyu sun bi ɗaliban har cikin gasar. Ranar Asabar na ji wata ƙungiya tana cewa a tsaya a rarraba jiha-jiha tukuna kafin a yarda da jimilla, kuma na san daga inda suka samo wannan taka-tsantsan.

Inda nake da ja shi ne irin bayanan da aka yi atisaye da su. Kusan duk bitocin sun dogara ne da jadawalin da aka riga aka wanke aka goge, irin na furanni 150 da Ronald Fisher ya yi amfani da su a 1936, wanda babu gurbi ko ɗaya da ke fanko a cikinsa, babu suna da aka rubuta iri biyu, babu ranar da aka juya wata da kwana. Wanda ya koyi tuƙi a fili mai santsi babu kowa, ranar da ya shiga kasuwa zai gane bai gama koyo ba. An ba koyar da inji sa'a biyu cur, alhali ƙungiyoyi kaɗan ne suka buƙace shi, ba a kuma ware ko rabin sa'a ga yadda ake haɗa jadawali biyu ba tare da an ninka layuka ba, ko yadda ake karanta takardar da ke bayanin ma'anar kowane ginshiƙi. Ba a kuma yi maganar girman fayil ba. Excel ba ya ɗaukar fiye da layi 1,048,576 a shafi ɗaya, don haka a shekara irin ta Expedia wanda ya dogara da shi ba zai ga ko kashi ɗaya cikin tara na bayanan ba. Wannan ba ƙaramar magana ba ce ko ga ƙwararru, domin a watan Oktoban 2020 aka gano cewa hukumar lafiyar jama'a ta Ingila ta bar sakamakon gwajin korona 15,841 a wajen ƙidayarta saboda an yi amfani da tsohon nau'in fayil ɗin Excel da ke tsayawa a layi 65,536. Labari irin wannan na minti biyar zai fi zama a zuciyar ɗalibi fiye da sunayen dabarun hasashe goma.

Da yammacin Juma'a aka bayyana bayanan. Na Ƙungiyar Lauyoyin Amurka ne, daga wani shirinta na intanet inda masu ƙaramin ƙarfi ke rubuta tambayoyinsu kan shari'ar da ba ta laifi ba, lauyoyi 'yan sa-kai kuma su amsa musu kyauta. Abin da ake so shi ne shawarar da za ta taimaka wa ƙungiyar ta fahimci buƙatun masu tambaya, ta kuma shirya lauyoyinta yadda ya kamata. Ba jadawali ɗaya aka bayar ba. Akwai na masu tambaya, akwai na lauyoyi, akwai na tambayoyin da rabe-rabensu, akwai na sa'o'in da lauyoyi suka bayar, akwai kuma na saƙonnin da aka yi musaya, duk an ɗaure su da lambobin shaida.

A nan ne giɓin bitocin ya fito fili. Fayil ɗin saƙonnin rubutun mutane ne kamar yadda suka buga shi, da waƙafi da alamar zance da tsallake layi a tsakiyar magana, alhali waƙafi ne kuma ke raba ginshiƙan fayil ɗin. Wajen ƙarfe goma na dare wata ƙungiya ta 'yan aji biyu su uku ta kira ni, domin kowannensu ya buɗe fayil ɗaya amma adadin layukan da kwamfutarsa ta nuna ya bambanta da na sauran. Ɗaya ya yi amfani da R, ɗaya da Python, na ukun da Excel, kuma kowane ya yi imani nasa ne daidai. Na ce su buɗe fayil ɗin a matsayin rubutu zalla, su nemo layin farko da ya karye, su karanta shi da ido. Sun ɗauki kusan minti arba'in kafin ɗaya daga cikinsu, wata yarinya mai karatun nazarin halayyar ɗan Adam wadda tun farko ta ce ita ba ta iya lissafi sosai ba, ta sa yatsa a allo ta nuna inda wani mai tambaya ya rubuta alamar zance bai rufe ba, kwamfutar ta haɗiye layukan da ke biye a matsayin magana ɗaya. Farin cikin da na gani a fuskokinsu a lokacin ya fi wanda na gani a wurin raba kyaututtuka.

Washegari da safe kuma ƙungiyar ta sake faɗawa wani ramin. Sun haɗa jadawalin tambayoyi da na saƙonni, suka ƙirga, suka ga tambayoyin sun ninka. Dalili shi ne kowace tambaya tana da saƙonni da yawa a ƙarƙashinta, don haka haɗawar ta maimaita ta sau adadin saƙonninta. Kuskure ne da ba ya ƙara, kwamfuta ba ta gargaɗi a kansa, zanen ma yana fitowa da kyau, sai dai ƙarya yake faɗa. Na ga ƙungiyoyi aƙalla huɗu sun yi shi a ranar. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma da an ware sa'a ɗaya a bita an nuna musu ɗabi'ar ƙirga layuka kafin haɗawa da bayan haɗawa, da sun tsira da rabin yininsu.

Zaɓen tambaya shi ne abin da ya raba ƙungiyoyi masu kyau da na tsaka-tsaki, kuma babu bitar da ta taɓo shi. Kusan kowa ya gano da wuri cewa maganar iyali, wato saki da riƙon 'ya'ya da ciyarwa, tare da rikicin gidajen haya, su ne suka fi yawa. Da yawa sun tsaya a nan, suka zana taswirar Amurka mai launi suna nuna jihar da ta fi yawan tambayoyi. Irin wannan taswira sau da yawa yawan jama'a kawai take nunawa, ko kuma daɗewar shirin a jiha, tunda ba lokaci ɗaya jihohin suka shiga ba. Waɗanda suka ɗan yi nisa sun jawo alƙaluman hukumar ƙidayar Amurka suka raba da yawan mutane ko yawan masu fama da talauci. Waɗanda suka fi burge ni kuwa sun tambayi abin da ke da amfani ga mai bayanan: wace irin tambaya ce ke daɗewa babu lauyan da ya ɗauka, kuma shin akwai alaƙa tsakanin hakan da yadda aka rubuta ta ko fannin da ta shafa? Wata ƙungiya ta ƙara da gargaɗin da nake ganin shi ne mafi muhimmanci a duk ƙarshen makon, cewa bayanan suna nuna waɗanda suka samu intanet, suka ji labarin shirin, suka kuma iya rubuta matsalarsu ne kawai, don haka yankin da babu tambaya daga cikinsa ba lallai ne ya zama yankin da babu matsala ba.

Akwai wani ɓangare da ban yi tsammani ba, wanda har yanzu yana raina. Saƙonnin nan na mutane ne na gaske, duk da an cire sunaye da abin da zai nuna ko su wane ne. Ɗalibi ɗan shekara goma sha tara da ya zo da niyyar gwada ƙwarewarsa sai ya samu kansa yana karanta uwar da ke tambayar yadda za ta hana a kore ta daga gida da 'ya'yanta kafin ƙarshen wata. Na ga wani ya rufe kwamfutarsa ya fita waje na ɗan lokaci, da ya dawo kuma salon maganarsa a kan aikin ya sauya, ya daina cewa layuka ya koma cewa mutane. Ina ganin ya kamata bita ta tanadi ɗalibai ga wannan, ta kuma yi magana a fili kan amanar bayanai. A lokacin ChatGPT bai cika wata biyar da fitowa ba, ɗalibai da yawa suna tambayarsa yadda za su gyara umarninsu, wanda hakan ba laifi ba ne a ganina, amma sau biyu na tsayar da wasu da ke shirin kwafa saƙonnin mutane su liƙa masa. Ba da mugun nufi suka yi ba, babu wanda ya bayyana musu cewa alkawarin sirrin da suka sa wa hannu ya haɗa da wannan.

Ta fuskar masauki, jami'ar ta ba da babban zaure mai wadatattun wuraren sa caji, intanet bai yanke ba, akwai shayi da gahawa dare da rana. Abinci kyauta ne, sai dai a daren farko an kawo shi tun ƙarfe shida, ya ƙare kafin faɗuwar rana, ni da wasu ɗalibai Musulmi huɗu muka sha ruwa da dabino da biskit. Da muka yi wa masu shiryawa magana sun ba da haƙuri, ranar Asabar kuma suka ware mana namu har da na sahur, suka nuna mana wani ɗaki da za mu yi salla. Na faɗi wannan ne domin wanda zai shiga ya san cewa gara ya sanar da buƙatarsa tun a takardar rajista. Abin da ya fi wannan damuna shi ne bambancin kwamfutoci. R da pandas duka suna ɗora bayanai ne a ƙwaƙwalwar wucin gadi ta kwamfuta, don haka mai tsohuwar na'ura yana zaune yana jira yayin da maƙwabcinsa ya wuce. Akwai mafita kyauta irin Google Colab, inda aikin ke gudana a kwamfutocin kamfanin, amma ko ita sai an tabbatar dokar sirrin bayanan ta yarda, kuma wannan hukunci ne da ya kamata masu shiryawa su yanke su sanar tun kafin Juma'a. Game da barci kuwa, ƙungiyoyin da suka tafi gida suka kwanta a daren Juma'a sun fi waɗanda suka kwana a zaure tsabtar tunani ranar Lahadi, kuma na so a ce an faɗa wa ɗalibai haka ƙarara maimakon a bar su suna ɗaukar rashin barci a matsayin jarumta.

Ranar Lahadi ita ce ta nuna ƙarfin tsarin da kuma rauninsa a lokaci ɗaya. Taƙaita mutum ga minti biyar da shafi biyu horo ne mai kyau, domin yana tilasta wa ƙungiya ta zubar da zane ashirin da ta sha wuya a kansu ta riƙe ɗaya. Na zauna da wata ƙungiya da safiyar ranar suna gardama kan wanda za a cire, kowa yana kare nasa, har sai da na tambaye su abin da suke so shugaban lauyoyin ya yi ranar Litinin idan ya ji su. Amsar wannan tambaya ita ta zaɓa musu zanen. Amma alƙalai ba sa ganin abin da ke bayan labule. Ba su da lokacin duba umarnin da aka rubuta, don haka ƙungiyar da ta ninka layukanta ba ta sani ba tana iya fitowa da zane mai ɗaukar ido ta burge, yayin da wadda ta yi aiki da tsanaki ta gano cewa bambancin da ake zato babu shi take fitowa kamar ba ta samo komai ba. A wurinmu alƙalan sun yi ƙoƙari, tambayoyinsu sun kama wasu kurakuran, kuma waɗanda suka ci sun cancanta. Duk da haka ƙungiyar da ta yi gargaɗi kan mutanen da ba sa cikin bayanan ba ta samu komai ba, kuma ni da ina cikin alƙalai da na ba ta kyautar zurfin fahimta.

Babban abin da na rasa bayan an tashi shi ne sharhi. Waɗanda suka yi nasara sun san sun yi daidai, sauran kuwa, waɗanda su ne mafi yawa, sun koma gida ba tare da ko layi biyu daga alƙalai da ke nuna musu inda suka yi kyau da inda suka kauce ba. Gasar da manufarta koyarwa ce bai kamata ta ƙare a tafi da hoto ba. Bita ta biyar, wadda za a yi mako guda bayan gasar a buɗe aikin ƙungiya biyu ko uku a bi shi daki-daki, za ta fi bitar koyar da inji amfani nesa ba kusa ba, kuma ba za ta ci kuɗi ba.

Ga ɗalibin da ke da damar shiga, shawarata ita ce ya shiga ko da yana ganin bai ƙware ba, ya kuma nemi abokan da ba fanninsu ɗaya ba, domin ƙungiyar da ta haɗa mai iya rubuta umarni da mai iya karanta halin mutane da mai iya tsayawa ya yi bayani ta fi ta gwanayen kwamfuta biyar. Ya halarci bitocin, amma ya ƙara da nasa atisayen a kan bayanan da ba a wanke ba. Wanda yake Najeriya ko Nijar ma yana da inda zai samu irinsu, domin binciken rayuwar magidanta da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta Najeriya ke yi tare da Bankin Duniya, da makamancinsa na Nijar, suna nan a rumbun bayanan bankin a intanet, fayil-fayil masu yawa da sai an haɗa su da lambar gida, daidai irin wahalar da ɗalibanmu suka sha. Masu koyo a shirye-shirye irin Arewa Data Science Academy, da ke horar da matasan Arewa a wannan fanni, za su iya ɗaukar ɗaya daga cikinsu su ba kansu kwana biyu, su kuma nemi wani malami ya saurare su na minti biyar.

Bayanan gasar ba na ɗalibi ba ne, kuma a wurinmu an umarci kowa ya goge su daga kwamfutarsa bayan an kammala, don haka ba zai iya ɗora su a GitHub, shafin da masu rubuta umarnin kwamfuta ke ajiye ayyukansu, ya nuna wa mai ɗaukar aiki ba. Abin da zai iya riƙewa shi ne labarin aikin: tambayar da ƙungiyarsa ta zaɓa da dalilin zaɓenta, matsalar da suka tarar a fayil da yadda suka warware ta, da abin da za su sauya da za a ƙara musu yini guda. Na roƙi ƙungiyoyin da na yi aiki da su su rubuta wannan a shafi ɗaya kafin Laraba, tun abin yana sabo a kansu, su ajiye har a ɗage takunkumin sirri a watan Mayu. Yarinyar nan da ta gano alamar zancen da ba a rufe ba ta rubuta nata, kuma a zangon da ya biyo baya na gan ta zaune a sahun gaba a darasin ƙididdiga na biyu, wanda ba ya cikin darussan da aka wajabta wa 'yan sashenta.